Allon Rijiyar Zuma

A unguwar Ruwais na tashi, can ƙasa mai tsarki a bakin teku, a wani lungu da ake kira Rijiyar Zuma. Karatu bai karɓe ni ba, amma wajen lasar tukunya da jin labari babu yaron da ya kamo ni. Bayan isha'i Kaka takan hura gawayi a saman rufi ta ɗora butar shayi, jikoki mu kewaye ta, iskar teku ta riƙa kaɗo hayaƙin cikin idona ni kaɗai.

Ran nan na tambaye ta ina zumar take, don na leƙa ramin tsohuwar rijiyar da aka toshe, ko ƙudan kirki ban gani ba. Ta miƙo mini shayi, ta ce in buɗe kunne.

Wai wani ayarin mutanenmu mahajjata ne suka iso da ƙafa, suka tarar da rijiya a nan. Ruwan na wari, ga maiƙo kwance a samansa. Amma wa zai taka ƙasa mai tsarki ya kushe ruwanta? Dattijon ayari ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce kamar zuma. Na bayansa ya ce ai zuma ba ta kai shi ba. Haka aka yi ta sha, ciki na murɗawa, yara na zawo, kowa na hamdala.

Sai wata mata da jaririnta ya fara laushi ta kurɓa, ta tofar a gaban maza, ta ce wallahi mushe ne a ciki. Aka ce ta yi saɓo, aka daina cin abinci da ita. Ta aro ƙugiya da igiya ta zura da kanta. Akuya ta jawo, kumburarra, gashin na saluɓewa a hannunta.

"Jaririn fa, Kaka?"

"Shi ne ubanka, ja'iri. Sha shayinka."

Ban sha ba.

Ina dako a tashar jiragen ruwa lokacin da baladiyya, hukumar gari, ta kafa allo a bakin lungun, shuɗi mai kyau, har da zanen ƙudan zuma. Maƙwabcina ya karanta mini, yana ta murna an san da mu. Ni kuwa miyau ya taru mini a baki, kamar in tofar. Ƙaryar dattijo ta sami allo da fenti. Matar da ta tofar kuma, Kaka, ko kabarinta ba mu iya nunawa, don a nan ba a sa wa kabari alama.