Baraka Dillaliya da Gaɗar Tsofaffi

Ni dai tunda nake, ban taɓa ganin Baraka dillaliya ta zauna ta cinye kwanon tuwo a wuri ɗaya ba. Katanga ce ta raba gidana da nata a nan Daura, shekara da shekaru, don haka in na faɗi magana a kanta ba ji na yi ba, gani na yi. Za ta kai loma biyu a tsugune, ta tuna akwai atamfar wata amarya da ba ta kai ba, ta miƙe tana lasar yatsu, ƙunshin kaya a ka, sai dai ka ji ƙarar silifas ɗinta a lungu. Sunanta na yanka Barakatu. Yara na ce mata Iya Baraka, ni ina ce mata Ƙafar Yawo, ita kuma ta rama da Shatu Gindin Turmi, wai don inda aka ajiye ni nan ake tarar da ni.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Baure. Lokacin 'yanmatancinta ita ke bayar da waƙa a dandalin garinsu, sauran na amshi. Gaɗarsu irin ta dā ce: a yi da'ira ana tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Baraka ta sha ba ni labarin nan har na haddace. Aure ya kawo ta Daura, mijin bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da ɗa guda, Sabiru. Da dillancin zannuwa da kwanuka ta raine shi, gida-gida, rana da ruwa. Babu zauren da ba ta taɓa yin sallama a cikinsa ba a unguwar nan, kuma babu matar da ba ta san damuwarta ba.

Sabiru ya girma ya sayi babur, yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa tsakanin Mai'adua da Kongolam. Ya auro Siddiƙa, wata marainiya daga can wajen su Baraka, yarinya mai kunya har ta yi yawa. In surukarta ta shigo tsakar gida, sai ta sunkuyar da kai ta bar wurin. Ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Allah ya ba su ɗa namiji, aka sa masa Ikrima. Yaron bai fara rarrafe ba, wata ranar kasuwa cikin bazara, babur ɗin Sabiru ya zame a gaban wata babbar mota. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Baraka ba ta yi kuka ba. Ita ta shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi, ita ta raba gumba, ita ta riƙa ba mu haƙuri kamar mu aka yi wa mutuwar. Ana gama sadakar bakwai ta ɗauki ƙunshinta ta fita. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinta. Ni da ke jin motsinta ta katanga na san ba lafiya ba. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Ta je kai kaya gidan da ta riga ta kai. Ta shigo wurina aron ashana da ashana a hannunta. Tausayinta ya ishe ni, haushinta ma ya ishe ni, don in ka ce mata ta zauna kamar ka zage ta ne.

Siddiƙa kuwa zaman ta yi, ta ƙi tashi. Takaba ta ƙare, aka yi mata kitso da lalle, aka ce to, sai ki fito ki sha iska. Ina! Tana nan bakin gado, hannuwa a kan cinya, tafukan suna kallon sama. Ba ta magana, ba ta kuka, in an ba ta abinci ta taɓa ta bari. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ta daina ɗaukar ɗanta. In aka ɗora mata shi a cinya, sai ya yi ta zamewa tana kallonsa, sai wani ya yi maza ya tare. Da koko da madara muke lallaɓa shi, ni da kakarsa, yaro duk ya zabge. An kai ta asibiti, suka ce jikinta lafiya, damuwa ce. An yi tofi, an sha rubutu. Kawunta Isyaku ya zo daga Baure ya dube ta, ya ce da zarar an gama girbi zai zo ya tafi da ita, yaro kuma ya zauna gidan ubansa.

Ranar da ya faɗi haka, Baraka ta faɗo gidana ko sallama babu.

"Shatu, in aka raba su a haka, na rasa su duka biyun. Ita za ta ƙarasa lalacewa a can, shi kuma ya bushe a hannuna a nan."

"To ya za mu yi? Sai addu'a."

"Addu'a muna yi. Gaɗa za mu yi."

Na ce, "Gaɗa? Da wa? Da ni? Baraka, kin ga gwiwoyin nan kuwa? In na durƙusa sai an kira maƙwabta a tashe ni."

"Ai shi ya sa. Kin yi tsatsa ne."

"Da furfurarmu? A ce me muka sha?"

"A ce abin da za a ce. Yarinyar nan ɗaki ne ya cinye ta. Ta ga mata, ta ji tafi, ko jininta zai motsa."

Ba ta tsaya jin amsata ba, ta riga ta kai ƙofa.

Dandali dai babu shi yanzu. Inda 'yan matan unguwarmu ke wasa a dā an jera shaguna, da mai cajin waya da mai gyaran babur. Amma akwai wani fili da aka zagaye da katanga ba a gina ba, bayan makarantar firamare, mai yashi da bishiyar darbejiya guda. Baraka ta tasa mai unguwa Ɗantsoho a gaba. Ta same shi a ƙofar gida, ta same shi a hanyar masallaci, ta same shi wajen mai shayi. Ya ce mata, "Haba Baraka, matan aure da tsofaffi a fili suna tsalle? Me liman zai ce?" Ta ce masa babu kiɗa, babu namiji, bayan la'asar ne, kafin magariba kowa ta koma gidanta, kuma matar liman ɗin ma ta ce za ta zo. Wannan ta ƙarshen ban san lokacin da aka yi ta ba. Don ya samu ya sha shayinsa lafiya, ya ce a je a yi, amma kada ya ji guɗa.

Da ƙunshin kayanta ta riƙa raba gayyata. Ta buɗe wa mace atamfa, ta ce, "Wannan ta dace da ke, kuma ranar Alhamis ki zo bayan makaranta." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, duk wadda ta ji don Siddiƙa ake yi sai ta ce to.

Ranar farko abin dariya ne da ban haushi. Tafin ma ya ƙi haɗuwa, wata na gaba wata na baya. Hajiya Ikilima mai sayar da ƙanƙara, wadda ta fi kowa jiki, ta ce ita za ta fara. Ta faɗo, muka tare ta, cillawar ta gagara, muka zube gaba ɗaya kamar buhunan gero. Ni dai ɗankwalina a kan reshen darbejiya aka samo shi. Baraka na tsaye a kanmu tana faɗa.

"Ke Adawiyya, ina hankalinki? Kin bar shi a kan tukunyar miya? Gaɗa ba ta son mai rabin hankali! In kin zo nan, ki zo duka. Bayan 'yar'uwarki za ki kalla, ba abin da kika baro gida ba."

Gaskiyarta kuwa. Daga baya na gane da kaina. In mace ta juya miki baya ta saki jiki, ba ki da damar tuna kuɗin makarantar jika ko ciwon gwiwa. Tafi, numfashi, nauyin mutum a hannunki, shi ke nan. Na kan koma gida jikina na tsami amma kaina wasai. Mata suka ƙaru. Waɗanda ba sa ga maciji da juna saboda faɗan yara suka riƙa tare juna, don ba yadda za ki yi ki bar mutum ya sha ƙasa a gabanki. Baraka ta tsara mana waƙa, tana bayarwa muna amsawa:

"Bayana ba shi da ido, 'yan'uwa."
"Faɗo, faɗo, muna nan."
"Ƙasa da tauri, ni da nauyi."
"Faɗo, faɗo, muna nan."

Kowa ta samu abin da ta samu, ban da wadda aka tara mu dominta. Duk Alhamis Baraka za ta sa wa Siddiƙa hijabi, ta riƙo hannunta har filin. Ni ke goya Ikrima. Siddiƙa za ta jingina da katanga a tsaye, nesa da da'irar, hannuwa a sake, ido a kan yashi. A yi tafi, a yi dariya, a faɗi a tashi, ko kai ba ta ɗagawa. An ja ta da wasa, an ja ta da lallashi. Hajiya Ikilima har rawar ɗuwawu ta yi mata a gabanta. Ko gezau.

Ana haka gero ya nuna. Amalanke suka fara shigowa gari da dammuna. Baraka ta ƙara rikicewa, ta rame, idanunta suka faɗa. Ta zo ta ce mini Kawu Isyaku ya aiko, wai a haɗa wa Siddiƙa kayanta. Tana faɗa tana ninke zanen da ta riga ta ninke. Na ce mata, "Baraka, kin yi iya yinki. Ki bar wa Allah." Ta kalle ni kamar za ta mare ni, ta fita.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, mun yi nisa da wasa, rana ta yi sanyi, sai Baraka ta daina bayar da waƙa ta shiga tsakiya. Muka yi shewa, don duk zuwan da muke yi ita ke tare mutane, ba ta taɓa shiga ba. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta fara takawa. Kai, ashe tsohuwar nan da sauranta! Ƙafa na faɗuwa daidai kan tafi, kafaɗa na amsawa. Muka matso, muka shirya hannuwa.

Sai ta ratsa ta tsakanina da Adawiyya ta fice daga da'irar. Tana takawa, tana ja da baya, tana waƙar, har ta kai kusa da katanga inda Siddiƙa take tsaye. Muka ɗauka zolayarta za ta yi. Ta tsaya, bayanta na fuskantar yarinyar, ta ɗaga murya:

"Bayana ba shi da ido!"

Babu wadda ta amsa, don a lokacin muka gane. Babu ɗayanmu a kusa. A gindin katangar nan kuwa akwai ragowar bulo da aka zubar. Na buɗe baki in ce kada, ta rufe ido ta saki jiki.

Mace ta haura sittin, ta tafi da baya gaba ɗaya kamar an sare itace, ƙeyarta na neman bulo. Muka kwasa da gudu muna salati, ni da goyo a baya, na san ba za mu kai ba.

Siddiƙa ce ta kai. Ban ga lokacin da ta bar katangar ba. Na dai ga hannuwan nan biyu sun shiga ƙarƙashin hamatar surukarta sun damƙe. Nauyin ya fi ƙarfinta, suka tafi ƙasa tare, ita a zaune, kan Baraka a ƙirjinta. Gwiwar hannunta ta gurje da bulo, jini na tsattsafowa, ba ta saki ba.

"Iya!" Muryar ta fito a dishe, muryar da muka manta kalarta. "Iya, kashe kanki za ki yi? In kin fasa kai fa? Wa kike so ya rage mini? Wa?"

Tana faɗa tana jijjiga ta. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da uwar mijinta ba, ga ta tana yi mata tsawa a gaban mata.

Muka jira Baraka ta yi zumbur ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ce a ci gaba. Ba ta miƙe ba. Ta kwanta a jikin yarinyar, ido a rufe, ƙirjinta na hawa da sauka. Can sai bakinta ya motsa.

"Sabiru," ta ce. "Wayyo Sabiru."

Ɗan fari ne, kuma kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun yana cikin zanen goyo har aka kai shi makwancinsa, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Kukan da ya biyo baya ba irin na gidan mutuwa ba ne da ake yi ana kallon mutane. Siddiƙa ta kifa fuska a kan ɗankwalin surukarta, nata kukan ya ɓalle. Hajiya Ikilima ta je ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe ƙofar filin. Muka zauna a yashi muka zagaye su, babu mai cewa a yi haƙuri, don mun ga inda haƙurin ya kai su.

Hayaniyar ta tashi Ikrima a bayana, ya fara tsala ihu. Na miƙe ina jijjiga shi, na juya zan yi nesa da shi kamar yadda na saba. Sai na ji an kira ni.

Siddiƙa ce. Hannu ɗaya na riƙe da Baraka, ta miƙo mini ɗayan, mai jinin.

"Gwaggo Shatu, kwanto shi," ta ce. "Yunwa yake ji."