Jirgin da Ya Tashi Cikin Takabar Khaulat

Khaulat 'yar Nguru ce, tana zaune a unguwar Selly Oak a ƙasar Turawa, saman wani shagon gyaran waya. Aikinta a jami'a bin sawun wasu halittu ne na tekun ƙarshen arewa, ƙanana ƙwarai, wasu ma ido ba ya ganinsu. Da sanyi rana ba ta fitowa a can, sai su nutse su kwanta da ɗan kitsen jikinsu. In ƙanƙara ta fashe, haske ya shiga, ruwan ya yi kore da abincinsu, sai su taso, kifi ya biyo baya. Kowace shekara takan bi jirgin ruwa ta ɗebo su a kwalabe, a ga ko bana ta yi kama da bara.

Shekarar da mijinta Muhsin ya rasu, ƙanƙarar ta yi saurin narkewa, aka matso da tafiyar. Ta faɗo tsakiyar takaba. Shugaban binciken ya gaya mata ba kwana-kwana: in ba ta je ba, gurbinta ya zama na wata Bethany, kuma ba lalle ya dawo ba.

Ana cikin haka Hajiya Yelwa, yayar mamacin, ta zo daga unguwar Cheetham Hill ta birnin Manchester. Ko zama ba ta yi ba ta hango jar rigar sanyi a bayan ƙofa.

"Au, har an fito da kaya? Kabarin ƙanena bai bushe ba za ki tafi kamun ƙwari?"

"Yaya, tun bara take rataye a nan."

"Yayar wa? Yana raye ma haka kika riƙa barinsa da tukunya, kina can kina kiwon tsutsa."

"Shi yake kai ni tasha da kansa."

"Kunya ce ta kai ki, ba shi ba."

Khaulat ta riga ta tambayi malami, ya ce fita aiki da rana ba laifi, amma kwana sai a ɗakinta. Jirgi kuwa ba a dawowa daga cikinsa da yamma. Ta zauna a gida. Jirgi ya tashi da Bethany.

Ranar fita takaba Yelwa ta dawo da mata cike da mota. Suna cin tuwo ta ɗaga murya: "Ba don na tsaya da ƙafata ba, da tuni tana can cikin maza."

Khaulat ta ajiye tire. "Hajiya, ba ke kika tsare ni ba. Wanda na ji tsoronsa ba a Manchester yake ba. Ku ci ku tashi, zan rufe ƙofa."

Gurbin bai dawo ba. Yanzu kwalaben da wasu suka ɗebo take dubawa. Ita da Yelwa kuwa, ko a gidan gaisuwa suka haɗu, kowa da bangon da take jingina.