Tef ɗin Tebur na Bakwai

Da na fara koyar da Fiziks a jami'a a Bauchi, ɗakin gwaji na 'yan aji ɗaya aka danƙa mini. Ni ne ƙarami a sashen, kuma aikin da manya suka gaji da shi a kan ƙarami yake sauka. Ɗaki ne dogo mai tebura goma sha biyu. Mu biyu ke riƙe da shi, ni da wani dattijo mutumin kudancin jihar da ke kula da kayan aiki, wanda kowa ke ce wa Baba. Makulli na hannunsa, haƙuri ma na wurinsa. Ni kuwa jan biro gare ni da saurin fushi.

Gwaje-gwajen ba su da wahala. Ka gangaro da 'yar mota a kan katako, ka rataya nauyi a jikin waya ka ga yadda ta miƙe. Amma wanda na fi so shi ne na lilo. Za ka ɗaure ɗan ƙwallon ƙarfe da zare, ka auna tsawon zaren, ka kaɗa shi, ka duba agogo ka ga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo sau ashirin. Daga waɗannan awo biyu kaɗai sai lissafi ya fito maka da ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi. Amsar a littafi take, kowa ya san ta: tara da ɗigo takwas. Ranar lilo mukan kashe fanka don kada iska ta taɓa zare. Ɗaki ya yi tsit, gumi na zuba, ba ka jin komai sai ɗalibai na ƙirga a hankali kamar masu jan carbi. Ina son wannan shirun har yau.

Abin da ban so shi ne duba rahoto. Kowane mako sai in cika jaka da su in hau keke zuwa gida a unguwar Ɗan Iya. Da suka yi mini yawa sai na ƙirƙiro dabara: in buɗe shafin ƙarshe in duba amsa. Wanda ya kawo tara da ɗigo takwas in ba shi maki mai kyau, wanda ya kauce in rage masa gwargwadon kaucewarsa. A lokacin gani nake na yi wayo.

Akwai wani abu kuma da ni kaina na manta da shi. A shekarata ta farko rular katako ta tebur na bakwai ta karye. Neman sabuwa sai an cike takarda, a sa hannu nan, a sa hannu can. Ni ba mai jira ba ne. Na biya kasuwar Wunti karɓar ɗinki, na ga wani tsohon tef na ƙyalle rataye a ƙusa, na roƙi telana ya ba ni. Na kawo na ajiye a tebur na bakwai, a kan cewa na mako ɗaya ne. Ya shekara uku a wurin.

A shekara ta huɗu aka kawo mana wani ɗalibi da ya girme wa 'yan ajinsa nesa ba kusa ba, ina jin ma ya girme ni. Magidanci ne, yana da shagon ɗinki a Wunti, don haka Tela suke ce masa. Da safe ya zo aji, da yamma ya hau keken ɗinki. Burinsa ya zama malamin kimiyya. Lissafin allo yana ba shi wuya, a jarrabawar rubutu da ƙyar yake haurawa, don haka makin ɗakin gwaji ne zai riƙe shi ko ya sake shi. Ya taɓa gaya wa Baba cewa idan aka ce ya maimaita shekara, to karatu ya ƙare, domin iyali ba za su jure wata shekarar ta rabin aiki ba. A tebur na bakwai ya faɗo.

Rahotonsa na lilo ya zo da tara da ɗigo biyar. Na ja layi, na ce ya sake. Ya sake, ya kawo tara da ɗigo biyar. Abokan teburinsa biyu kuwa, da zare ɗaya da agogo ɗaya, sun kawo tara da ɗigo takwas cif. Na kira shi a gaban aji.

"Malam Tela, ƙasar da kake takawa daban take da ta sauran mutane? Ko a Wunti ƙasa ba ta ja sosai?"

Aji ya fashe da dariya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

"Allah ya huci zuciyar Malam. Abin da na samu ke nan."

"To je ka samo wani."

Karo na uku ya kawo tara da ɗigo biyar. Nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na yanke cewa bai ma sake gwajin ba, tsohon rahotonsa ya kwafe ya maido mini don ya raina ni. Na zana masa sifili ƙato, har biro ya huda takarda. Da wannan sifilin ya faɗi kwas ɗin, kuma ranar Litinin zan miƙa sakamako ga shugaban sashe.

Ranar Juma'a da hantsi ina tattara takardu, Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makulli a yatsa. Bai saba shiga harkar maki ba.

"Malam, magana na ɗaya ne. Mutumin nan sau uku ina buɗe masa ɗaki, sau uku yana yin aikin a ido na. Bai kwafa ba. Yana waje, ka ba shi minti biyar."

Don girman Baba na yarda, ba don na sauko ba. Tela ya shigo da sallama, ya rufe ƙofa a hankali, ya duba ya tabbatar babu ɗalibi ko ɗaya. Bai roƙe ni komai ba. Ya je tebur na shida ya ɗauko rular katako ya kwantar, ya ɗauko tef ɗin tebur na bakwai ya shimfiɗa a gefenta, kai da kai. Sannan ya ja da baya.

Na leƙa. A farko layukan suna tafiya tare. Zuwa tsakiya sun fara rabuwa. A ƙarshen rula, inda ya kamata tef ya nuna santimita ɗari, casa'in da bakwai ya nuna. Tef ɗin ya saki, ya miƙe saboda tsufa da ja. Duk zaren da aka auna da shi zai fito gajere a takarda, amsa kuma dole ta sauko. Na yi lissafin a ka, tsaye a wurin. Wanda duk ya yi aiki da gaskiya da wannan tef, tara da ɗigo biyar zai samu.

Kunya ta rufe ni, sai na fake da faɗa, kamar yadda na saba.

"Ka san haka tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Malam. Ina riƙe shi na ji. Hannun tela ne."

"Me ya hana ka faɗa a aji?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "A gaban yara, Malam? In ce kayan malamina ba daidai ba ne?"

"To me ya hana ka gyara amsar, tunda ka san inda matsalar take?"

"Ranar farko ka ce mu rubuta abin da muka gani da kayan da aka ba mu, in akwai abin da muke zargi mu faɗe shi a wurinsa. Na faɗa a wurinsa."

Na jawo rahotanninsa uku daga jaka. A shafi na huɗu na rahoton farko, inda ake rubuta abubuwan da ka iya kawo kuskure, ga shi nan da ɗan Turancinsa mai tsabta: tef ɗin awo ya miƙe, ana roƙon a gwada shi da rula. A rahoto na biyu ya sake rubutawa. A na uku har ya ja layi a ƙarƙashi da fensir, siriri, kamar mai tsoron kada ya ɗaga murya. Shafi ɗaya ne tsakanin wannan layin da sifilina, kuma ban taɓa buɗe shi ba.

Na rufe rahotannin. Tela ne ma ya cece ni, ya kama ba ni labarin mahaifinsa. Ya ce a teburin yankan tsohon akwai ƙusoshi biyu da aka kafa, tsakaninsu yadi ɗaya daidai. Kowace shekara kafin a fara ɗinkin salla sai ya tara tef ɗin shago duka ya gwada su a kan ƙusoshin, wanda ya saki a jefar. In riga ta ƙi zama a jikin mai ita, tsohon ba ya cewa mutum ya yi ƙiba sai ya fara zuwa wurin ƙusa.

Na ba shi haƙuri a gaban Baba, da baki, ba da kewaye-kewaye ba. Na soke sifilin na ba shi makin da ya fi na kowa a ajin. Ya yi godiya fiye da yadda na cancanta, ya ce zai wuce kada ya rasa masallaci.

Bayan ya fita na ce Baba ya buɗe mini kabad ɗin tsofaffin rahotanni. Na zaro na tebur na bakwai, na shekara uku da suka wuce, na baje a kan tebur. Ina fata in sami ko mutum ɗaya da ya rubuta tara da ɗigo biyar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: tara da ɗigo takwas, tara da ɗigo takwas, wani ma don gwaninta ya ƙara ɗaya a baya. Babu wanda zai iya samun wannan amsa da wannan tef. Kowannensu ya ga tara da ɗigo biyar da idonsa, ya goge, ya rubuta abin da ya san Malam yana so. A ƙasan kowane ɗaya ga jan birona, na yaba masa.

Na fara cewa, "Yaran nan maƙaryata ne," Baba ya ce, "Malam," a hankali. Ba sai ya ƙara ba. Laifi tudu ne. Yaran ba su zo da wannan hali ɗakina ba, sun koye shi ne da suka ga abin da nake biya a kansa. Na yi shekara uku ina tsammanin ina koyar da awo, ashe gyaran amsa nake koyarwa, kuma sun iya sosai. Mutum ɗaya da ya ƙi koya shi na kusa korarwa gida. Wannan ya fi yi mini ciwo fiye da duk abin da ya same ni a aikin koyarwa.

Ranar Litinin na miƙa sakamako da sunan Tela cikin waɗanda suka ci. Da na dawo na tarar Baba ya samo guduma. Muka kafa ƙusoshi biyu a gefen teburina, tsakaninsu mita ɗaya, shi yana riƙe rula ni ina bugawa. Sannan na zauna na jawo rahotannin makon, na ɗauki na sama, na buɗe shafin farko.