Ranar da Aka Yanka Motar Ashafa

Da aka idar da sallar asuba, Ashafa Direba ya ɗebi ruwa a bokiti, ya nufi gindin dogon-yaron da ke ƙofar gidansa. Nan motarsa take tsaye, tsohuwar Golf ja wadda ya daɗe yana jigilar fasinja da ita tsakanin Illela da Ƙonni da ƙauyukan kewaye. Ya wanke gilashi, ya goge fitilu, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Da ya buɗe ƙofa sai warin laka da na ruɓaɓɓen soso ya doke shi, ya ja da baya.

Ashafa ya manyanta, kuma ban da tuƙi ba shi da wata sana'a. Ba gona, ba dabba. Abin da ya mallaka shi ne motar nan da layinsa a tasha, kuma ƙa'idar tasha sananniya ce: wanda ba shi da mota ba shi da layi. Sarkin tasha ya yi masa kara, ya ce za a riƙe masa gurbinsa zuwa ranar kasuwa. Yau ce ranar kasuwar.

Abin ya same shi ne yana dawowa daga Darna Sabon Gari. Ruwa ya ɓalle a kwari, ya sha kan hanya, motar ta mutu a tsakiya. Shi ya tsira ta taga, ita ta kwana cikin ruwa har rufi. Da ruwan ya janye, mutanen ƙauye suka ɗaura mata igiya, shanun huɗa suka jawo ta kan tudu. Dama motar ba da makulli take tashi ba. Shekara da shekaru da turi ake tayar da ita. Saboda haka da matasa suka ce, "Shiga mu tura ka, Direba," bai kawo komai a ransa ba. Ya sa giya ta biyu, suka tura da iya ƙarfinsu, ya saki kuloci. Aka ji ƙara guda mai nauyi daga cikin injin, tayoyi suka cije. A bayan tarakta aka jawo ta gida.

Yau da hantsi Zayyanu bakanike ya iso, wanda ya yi ta ɗaga zuwansa saboda yawan motocin da ruwa ya ci. Ya kwance kan injin, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, wa yac ce a tura ta?"

"Mi al laifin turi? Kullum da shi taka tashi."

"Da ruwa cikin injin? Da kun bar ta na kwance fulogi na tsiyaye ruwan, na canza mai, da yanzu tana hanyar Ƙonni." Ya nuna masa wani ƙarfe da ya lanƙwashe, da tsagar da ta ratsa jikin injin. "Ba ruwa ya kashe ta ba, Baba. Turin nan ne."

Ashafa ya sa yatsa ya bi tsagar daga farko har ƙarshe. Tun ranar ambaliyar yake gaya wa mutane ƙaddarar ruwa ce. Bai san da ƙafarsa ya ƙarasa ta ba. Sabon injin kuwa ya fi ƙarfinsa, bai ma tambaya ba.

Ya aika aka kira Yari mai gwangwan, taubashinsa, wanda ke sayen matattun motoci yana yankawa. Yari ya zagaya ta yana toshe hanci.

"Direba, ashe amarya ta sha wanka! To mi ya hana a sa mata turare?"

"Yari, yau ba ranar wasa ba ce."

Yari ya dubi fuskarsa, ya sauke hannu daga hanci. Suka yi ciniki a taƙaice.

Kafin azahar direbobin tasha sun ji labari. Kowa ya zo sai ya yi masa jaje tukuna, sannan ya juya wurin Yari ya taya abin da yake buƙata. Wani ya ɗauki lagireto, wani fitilu, wani tayoyin gaba. Matarsa Lubabatu ta yi magana daga bayan ƙyaure: "Malam, a bar mana kujerar baya mu sa a zaure." Ashafa ya danna kujerar da tafin hannu, ruwa mai launin ƙasa ya tsatso tsakanin yatsunsa. Ya ce a haɗa wa Yari da ita. Abin da ya rage aka sare shi da wutar walda, aka loda a kura zuwa wurin sikeli.

Bayan la'asar Ashafa ya tafi tasha a ƙasa. Ya tarar da sarkin tasha a rumfa, ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba Usama layina." Usama matashin direba ne da ya daɗe yana jiran gurbi. Sarkin tasha ya ce Allah ya mayar da alheri.

Nan take aka kira Usama lodi. Wata tsohuwa mai buhun albasa ta hango Ashafa tsaye hannu wofi, ta zaci ɗan dako ne, ta ce, "Bawan Allah, kama mini." Ya sunkuya ya ɗauki buhun, ya sa a but ɗin motar Usama, ya ɗaure da igiya, ya ja ƙullin ya tabbatar ya kama.