Yadda Na Ƙirga wa Autana Gudu

Me zai sa mutumin da ya san kwanansa ya ƙare ya dage sai ya tura wa teku ɗa namiji ɗaya tilo da zai bar wa matarsa? Na yi wa kaina wannan tambaya ina cikin takaba, har yau ina yi, ban samu amsa ba. Ni ban iya rubutu ba, 'yar maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa. In na yi shiru ta san kuka ne, sai ta jira.

A unguwar Hayyu Sabi' muke zaune, a bene hawa na shida. Karatu ne ya kawo mijina, Malam, ƙasar Masar, daga baya ya zama tafintan marasa lafiya da ke zuwa daga gida neman magani. 'Ya'yanmu mata biyu suna aure a Najeriya. Autanmu kaɗai ne a gabanmu. Ya yi sakandare a Kaduna wajen ƙanen babansa, ya dawo ya zauna babu aiki, sai ci da barci, har ya ajiye tumbi. Rana ɗaya ya ce shi sojan ruwa zai shiga a gida. Na yi dariya. Malam bai yi ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Da wannan cikin? Kana hawa jirgi zai karkata."

Ashe ba a shiga sai an gwada mutum da gudu, kuma in an ɗauke shi horon ya fi gwajin wuya. Lokacin gari ba lafiya, an hana fita har sai gari ya waye sosai, ni kuma na ce ba zan yarda baƙin yaro ya riƙa gudu a titi sojoji na kallonsa ba. Sai Malam ya ce matakalar bene ta isa. Bayan sallar asuba yaro zai sauka ƙasa, ya hau har ƙofarmu, ya koma, sau biyar. Malam na tsaye a bakin ƙofa da agogo yana cewa, "Yalla, yalla, maza, kakarka ma ta fi ka sauri." In ya gama ya kifa a tsakar ɗaki yana ɗaga jikinsa da hannu har sai ya zube. Bawwab, mai gadin benen, ya tare ni ya ce, "Hajiya, ɗanki zai rushe mana gida." Na ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, a raina ina addu'a ya kai ƙara wajen mai gidan.

Gaskiya ba na so ya tafi. Sai na shiga yaƙi da tukunya. Na ƙara samna, man shanunsu mai nauyi, a shinkafa, na ƙara a wake, ina tura masa burodi ina cewa, "Ci, ka rame." Wata rana Malam ya ɗaga cokali, mai na ɗiga, ya ce, "Hajiya, a wannan miyar ma zai iya koyon iyo." Da yaro ya fita na ce, "Malam, in ya tafi wa ya rage mana?" Ya ce, "A nan baƙo ne. Duk shekara layin sabunta iƙama, takardar zama, har ya tsufa kamar ni." Na ce, "To ya koma gida ya yi kasuwa mana. Dole sai ruwa?" Ban sani ba ashe a lokacin likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Shi da yake fassara wa mutane ciwonsu, nasa ya ɓoye mini.

Da tsayuwa ta fara gagararsa sai ya ce ni zan karɓi ƙofa. Na ce ai ban san agogo ba. Ya miƙo mini carbinsa, ya koya mini in ja a hankali, kowane ɗa da tasbihi ɗaya, in gaya wa yaro inda na tsaya. In ƙirga ta ragu, ya ƙara sauri ke nan.

Nan na yi abin da nake neman gafararsa har yau. Na riƙa jan carbin da gaggawa don ƙirga ta yi yawa. Yaro zai iso yana haki, ya ce, "Inna, nawa?" In faɗa masa. Ya ce, "Wallahi na ji a jikina na fi jiya." In ce, "To carbi ne zai yi maka ƙarya?" Kwana wajen goma ina haka. A ƙarshe ya zauna a kan matakala, gumi na zuba, ya cire takalmansa ya ce, "Khalas, shi ke nan, Inna. Ba zan iya ba. Kada ki gaya wa Baba tukuna."

Abin da nake nema ke nan, ga shi na samu. Amma na dubi ƙeyarsa, ƙato da shi ya sunkuya kamar wanda aka yi wa mutuwa, na ji carbin ya yi mini nauyi a hannu. Da sunan Allah na cuci ɗana. Na zauna kusa da shi na ce, "Ni ce nake sauri, ba kai ne kake nawa ba." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "To gobe ki ja daidai." Washegari na ja daidai. Ƙirga ta ragu har shi kansa ya yi mamaki, ya shiga ɗaki da gudu yana gaya wa babansa. Ban san ko ya faɗa masa sauran ba. Malam dai bai taɓa ɗaga mini maganar ba.

Autana ya tafi bayan na fita takaba. Ya ce zai fasa, na ce a'a. Ya ci gwajin, ya yi horonsa, yanzu sai in yi wata ban ji muryarsa ba. Yana so in koma gida, ni kuma kabarin Malam a nan yake.

Ranar da Malam zai rasu ya yi sallar asuba a kwance. Na ga numfashinsa ya sauya, sai na ƙi fita, na zauna a bakin gado na riƙe hannunsa. Yaro bai sani ba, ya riga ya sauka. Muna jin ƙarar ƙafarsa tun daga ƙasa, tana matsowa. Malam ya buɗe ido yana saurare. Na ce, "Yau a bar ƙirgar, ina nan wajenka." Ya zare hannunsa daga nawa a hankali. Na tashi don ban saba yi masa musu sau biyu ba, kuma ko da na dawo ya cika. Abin da ya ce mini shi ne:

"Tashi ki je ƙofa, Hajiya. Yana hawowa. Kada ya iso ya tarar babu kowa."