Ranar Da Baba Sa'idu Ya Nemi Takardun Gwaji Ya Rasa

Ina shagona a Kabo bayan La'asar, ina tsara katin ɗaurin aure a kwamfuta, babban ɗan Baba Sa'idu mai maɗaba'a ya kira ni ya ce mahaifinsu ya cika a gidansa da ke Gwarzo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe janareta, na zauna. Wallahi na daɗe mutuwa ba ta dake ni haka ba.

A hannunsa na koyi ɗab'i, zamanin tsuke bakin aljihu. Injinsa tsoho ne, irin wanda sai an ɓata takardu da yawa kafin tawada ta zauna daidai. Su muke ce wa takardun gwaji. Yawancin aikinmu kuwa littattafan addu'a ne da na Islamiyya, babu shafin da ba sunan Allah. Masu ƙosai da masu tsire su yi ta zarya ya sayar musu da na gwajin, ga gida ana fama da babu, amma ko kallonsu ba ya yi. Sai ya tara a buhu, ƙarshen wata ya ɗaure a babur, ya kai gonarsa ta Gammo ya binne. Yakan ce mana, "Takarda ba ta san abin da ke jikinta ba, kai ne ka sani." Da aka ƙaddamar da Shari'a aikin addini ya ƙaru, buhunan ma suka ƙaru, kuma na sha ganin fuskarsa ta sauya in yana ɗaure su.

A lokacin ne na yi wautar da ban taɓa mantawa ba. Na ga kwamfuta a birni, kaina ya kumbura, na dawo na faɗa masa gatsal cewa injinsa ya gama yayi. A al'adar sana'armu maigida ne ke tara mutane ya yi addu'a ya yaye ka. Ni ban tsaya an yaye ni ba, na kwashe kayana na buɗe shago a Kabo. Shekaru ina zuwa gaishe shi, amsarsa ba ta wuce "lafiya lau". Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa sa wa shagona albarka ba. Abin ya ci ni ƙwarai, ko ciniki na yi ba na jin daɗinsa.

Da na ji za a yi baje kolin injinan ɗab'i a Kano, na roƙi mai ɗakinsa, Inna Rabi, ta lallashe shi ya raka ni. Ya ce zai je, ko don ya ga abin da ya sace masa mutum.

Kai, ni kaina da nake taƙama da zamani, da muka shiga sai da na sha mamaki. Ga inji tsawonsa ya kai motar haya, babu ƙara, babu warin kananzir, babu mai baƙin hannu a wurin. Wani injin yana fitar da hoto mai faɗin bango kamar ana warware yadi. Baba ya goya hannu a baya yana tafe a hankali, ba abin da ke fita bakinsa sai tasbihi. Ni kuwa ina tsoron na kawo tsoho ya ga jana'izar sana'arsa.

A rumfar masu injin dijital ya tsaya. Ya zaro wata addu'a da ya rubuta da hannunsa, ya ce wa mai kula da injin ya buga masa kwafi ɗaya tak. Kafin mu gyara tsayuwa ta fito tas. Baba ya karɓa ya duba, sannan ya zagaya bayan injin, dattijo da furfurarsa ya durƙusa yana leƙe.

"Ina na gwajin?" in ji shi.

"Babu, Baba. Ta farkon ita ce wannan ta hannunka."

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Subhanallahi. Na ƙarar da ƙuruciyata ina binne sunan Ubangijina, ashe akwai ranar da za a buga shi ba a ɓata ko ɗaya ba." Sauran masu kallo sauri da launi suke yabawa. Shi wannan kaɗai ya gani, kuma a ranar na san girman mutumin da na raina.

Muka hau motar komawa gida. Da muka iso Kabo na sauka ina masa sallama, sai na ga shi ma ya sauko. Ya shiga shagona, karonsa na farko, ya aika aka kira maƙwabta. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dube ni ya ce, "Na yaye ka. Allah ya yi albarka." Na fashe da kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Bai sayi sabon inji ba har ya bar duniya, ya ce ya bar mana. Ya Allah, bawanka Sa'idu ya yafe mini tun ban iya buɗe baki na roƙa ba. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ka zama gatansu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.