Mayafin Nuzhat da Ruwan Shayi

Lokacin da nake takaba a unguwarmu ta Lahore, Nuzhat Ara ce kaɗai ta lura ba ni da mai karanta mini komai. 'Yar maƙwabcinmu ce, malamin makaranta. Kullum bayan la'asar sai ta shigo da jaridar babanta, ta zauna bakin tabarmata ta karanta mini daga farko har farashin albasa. Muryarta tas, ba ta haɗiye harafi ko ɗaya.

Muryar nan ce ta kai ta gidan rediyo. Da aka buɗe gidan talabijin kuwa, cikin mata talatin ita aka ɗauka karanta labarai. Unguwa ta ɗauki murna, mai halawa ya raba kyauta!

Ana saura kwana biyu ta fara, sai ga ta a ɗakina idonta jawur. Ashe na'urar ɗaukar hoton ba ta son farin kaya: farin mayafinta na ƙyalli sai fuskarta ta koma baƙi ƙirin. Mai shirin ya ce ko ta cire mayafi ko a kira wata. Sun gwada ja, sun gwada baƙi, duk sun fito kamar gawayi.

"Khala, kaina a buɗe gaban duk garin nan? Wallahi gara in koma rediyo," in ji ta. Khala take kirana, wato inna.

"To share hancinki tukuna," na ce. "Mai karanta labarai da majina?"

Na ɗora tukunya, na zuba ganyen shayi cikin hannu biyu, na tsoma mayafin kamar yadda kakata ke yi wa labule. Ya fito ba fari ba, ba duhu ba.

Ranar da ta fara, gidan likita kaɗai ke da akwatin talabijin a unguwar. Muka cika tsakar gidan maƙil, wasu kan katanga. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga Nuzhat, mayafinta a kai, fuska fes! Matar likita ta kurma ihu, wani tsoho ya amsa wa Nuzhat sallama da ƙarfi. Ni dai carbina nake ja, ban ji labari ko ɗaya ba.

Shekara goma sha biyu ta yi a kujerar nan. Ba allon da ke nuna mata labarin, sai takarda, rabi ma haddacewa take. Ta sanar da yaƙi, ta sanar da ambaliya da ganin wata, ta yi aure ta haifi uku, duk cikin mayafan da na rina. Mijinta yakan ce matarsa ƙamshin shagon mai shayi take.

Wata safiya ta faɗo ɗakina tana haki, da sabon farin yadi a hannu.

"Khala, an kawo na'ura mai launi! Sun ce in sa abin da na ga dama. Don Allah ajiye tukunyar shayin nan, ki rina mini wannan kore shar, wanda za a hango daga kan katanga."